Zaman Makokin Kowace Talata

Yayana ya fi kowane ɗan dako a Makka ƙamshi. Idan ya wuce ta layinmu sai mata su ce min lallai na dace da ɗan'uwa mai tsafta, ga shi ba mata a ɗaki amma kullum kamar ango. Ni dai sai in yi yaƙe in ce Allah ya sa, don na san ƙamshin ba daga rigarsa yake fitowa ba, daga cikinsa ne. A garin nan ba a sayar da giya, ba a ma yarda akwai mai shan ta ba, saboda haka wanda jarabar ta kama sai ya koma wa kolonya, turaren nan na ruwa da masu aski ke shafa wa mutum bayan sun gama. Yaya yakan tsiyaya ta a gorar roba, ya ƙara ruwan sanyi, ya shige banɗaki ya saka sakata.

Shi ya riga ni zuwa. Ya zo aikin Hajji ya ƙi komawa, ni kuma na biyo shi da bizar Umara bayan aurena ya mutu, na ƙi komawa ni ma. Babu mai iƙama a cikinmu, wato takardar izinin zama, don haka kullum a gefen bango muke tafiya. Muna haya a ɗakuna biyu na bulo a can saman wani bene a unguwar Shisha. Ina tuƙa tuwo da miyar kuka ina sayar wa 'yan gida da suka gaji da shinkafa, shi kuma yana tura tsofaffin alhazai a keke, idan kwanakin Mina suka zo ya haɗa da dakon kaya.

A Mina abin ya fito fili. Wasu 'yan Sakkwato suka ba shi mahaifinsu ya kai shi jifa ya dawo da shi. Ya kai shi lafiya, tsohon ya sauka ya yi jifansa, sai dai da Yaya ya dawo tanti wani tsoho ne daban a kan keken, ɗan Indunusiya, ya miƙe ƙafa yana jan carbinsa, bai ko yi ƙorafi ba. Sai bayan la'asar aka gano na Sakkwaton zaune a gindin gada yana jiran a zo a ɗauke shi. Labarin ya zaga duk inda Bahaushe yake a Makka, ana ta dariya. Ni ban yi dariya ba, domin da ya dawo gida sai ya zauna a bakin ƙofata ya ce, "Ke, wallahi ban ga bambancinsu ba. Dishi-dishi nake gani." Akwai wani abokin shansa da kolonya ta riga ta makantar, yana nan ana jan sa da sanda zuwa masallacin unguwa. Tsoro ya kama ni sosai a ranar, na ga idan ba a yi wani abu ba, nan gaba ni zan riƙa jan Yaya da sanda, idan ma abin ya tsaya a idon.

Shi da kansa ya ce zai daina, kuma ya daina, sau da yawa ma. Na ɗura masa zamzam har ya fara ɓuya idan ya gan ni da kofi. Na kai shi wurin wani malami mai ruƙiya, ya tofa, ya murɗa masa babban yatsa, sannan ya ce ba Yaya ne ke sha ba, wani aljani ne kafiri da ya shige shi. Wannan magana ta yi wa Yaya daɗi ƙwarai. Ya dawo gida da fara'a, washegari ya sayo wa aljanin kwalba biyu. Asibiti kuwa ko hanyarsa ba ma bi, muna tsoron a tambayi takarda, daga nan a wuce da mu tarhil, inda ake tsare mutane kafin a mayar da su ƙasarsu.

Wata hajiya ma'aikaciyar jinya da ke zaune a Ingila ce ta fara kawo min maganar taro. Ta zo Umara, aka yi mata kwatancen tuwona, ta ga yadda hannun Yaya ke rawa da ya miƙo mata ruwa, ta jira ya fita ta tambaye ni. Ta ce a can wajensu masu irin wannan lalura haɗuwa suke yi duk mako, su zauna kowa ya faɗi abin da yake ciki. Na tambaye ta wa yake tsare su, ta ce babu kowa, su suke tsare junansu. A raina na ce a tara mashaya a ɗaki ɗaya a rufe ƙofa, ai an gama. Amma ba ni da wata dabarar, sai na miƙa mata wayata ta bincika. Mafi kusa yana Jidda, da Turanci, kuma sai an bi ta shingen da ake duba takardu. Sai dai ta ce akwai wanda ake yi ta waya, ta saita mana kafin ta tafi.

Bayan la'asar muka jingina wayar a jikin tukunya. Sai ga Turawa a ƙananan akwatuna, kowa da kofin shayinsa, can wajensu safiya ce, wata ma da kare a cinya. Yaya ya gyara hula ya yi musu sallama, suka ɗaga masa hannu gaba ɗaya. Ko kalma ɗaya bai ji ba, amma da wani jibgegen mutum mai jan gemu ya fara magana yana share ido, sai na ga Yaya yana gyaɗa kai yana cewa haka ne, haka ne. Da aka tashi na tambaye shi me mutumin ya ce, ya ce oho, amma dai gaskiya ya faɗa. Can kuma ya ce in nemo masa irin waɗannan masu jin Hausa.

To ta ina za ka fara tambayar taron mashaya a Makka? Na gwada a gidan suna, na raɗa wa wata mata da ta san kowa da kowa, ta yi a'uziyya ta janye kwanonta daga kusa da nawa. Wata ta ce irin wannan ƙazanta sai Jidda. Duk wanda na tambaya sai ya rantse babu mashayi ko ɗaya a garin nan, idan ya gama rantsuwar kuma ya matso ya ce wai wane ne. Na gaji, har na fara jin haushin garin gaba ɗaya, da ni da na zauna a cikinsa.

A cikin masu cin tuwona akwai wani mai aski, mutumin Damagaram, yana yi wa masu Umara aski. Na ce ai ta hannunsu kolonya take wucewa, ba zai rasa sanin wani abu ba. Da na tambaye shi sai ya ɓata rai, ya ce me na mayar da shi, ya bar rabin malmala ya tafi. Bayan 'yan kwanaki ya dawo, ya ci tuwonsa tas, yana wanke hannu bai ko kalle ni ba ya ce in gaya wa yayana ya je ta'aziyya ran Talata bayan magariba, ya yi min kwatancen gidan.

Na ce, "Inna lillahi. Wa ya rasu?"

Ya ce, "Ba a tsayar ba tukuna."

Ashe taron yana nan tun tuni, a bayan kasuwar da nake sayen kuka. Wani tsohon direba, mutumin Cadi, shi ya fara shi bayan ya kifar da motar ubangidansa. Ya lura cewa idan baƙaƙen fata marasa takarda suka taru a ɗaki, kafin su gama gaisawa an sa musu ido, amma idan zaman makoki ne ba mai tambaya, ko ɗan sanda ne sai ya sassauta murya ya wuce. Mu kuma a nan idan an yi wa mutum rasuwa a gida, akan zauna masa yamma ɗaya a karɓi gaisuwa. Ga shi kuma a makoki ne kawai ƙato zai rushe da kuka maƙwabta su ce Allah sarki. Sai dai tsohon yana da sharaɗi, ya ce shi ba zai yi ƙarya a ƙasar Harami ba. Dole mamacin ya kasance ya mutu da gaske, kuma ɗan'uwan mai masaukin ne. Lokacin da ya mutu ne kawai ba a faɗa, tunda ba a cika tambaya ba. Ya ce addu'ar ai ta gaskiya ce, kuma babu mamacin da ya ƙoshi da addu'a.

Da Yaya ya dawo daga zamansa na farko na tambaye shi wa aka tsayar. Ya ce kakar mai aski ce, ta rasu wurin haihuwar babansa. Ya ce baƙi sun zo sun sha gahawa sun tafi kafin isha, sannan aka tura ƙofa, kowa ya faɗi abin da ya sha da abin da ya rasa, kuma ba wanda ya yi wa wani wa'azi. Makonnin farko sun yi masa wuya, jikinsa na ɓari yana zufa, mai aski yakan rufe shago ya zo ya zauna kusa da shi yana yi masa fifita. Ni da na raina taron, sai ga ni ina ƙirga kwanaki ina jiran Talata.

Da farko zagayawa ake yi gida-gida, amma sauran ba su da wuri. Wani su da yawa ne a ɗaki, wani a garejin ubangidansa yake kwana, wanda yake da ɗaki mai faɗi kuma aka kama shi aka mayar da shi gida. Sai abin ya tare a saman benenmu, mu kuma muka fara fito da namu matattun. Muka fara da kakanmu na wajen uba.

Mai gidan da muke haya wata tsohuwa ce haifaffiyar Makka. Iyayenta a ƙafa suka zo ta Sudan, ita kuma tana da takardar 'yar ƙasa, Hausarta rabi Larabci. Ba ta wasa da makoki. Duk Talata sai ta aiko da faranti guda na shinkafa, sannan ta hawo benen tana dafa gwiwa tana nishi, ta zauna a ɗakina tare da mata, maza suna ɗakin Yaya. Matsalarta ɗaya, sai ta tambayi abin da ya kashe mutum, ni kuma tsohon direba ya hana ni ƙarya. Da ta tambayi na kakanmu na ce agana ce. Ta zaro ido ta ce, "Ya Laɗifu, har yanzu akwai agana a ƙasarku?" Na ce Hajiya abin sai addu'a. Kakarmu ta faɗa rijiya, kawunmu maciji ya sare shi a gona, gwaggonmu ta kwanta ba ta tashi ba, duk na faɗa mata yadda aka faɗa min ina ƙarama.

Unguwa ta fara tsoronmu. Mata suka riƙa raɗe-raɗin cewa danginmu ƙarewa suke yi ɗaya bayan ɗaya, kuma duk a farkon mako. Wata ta kawo min habbatussauda, wata ta daina aiko kwanonta. Ranar da muka yi na mahaifinmu, wani alhaji ya kai labari gida, sai ga 'yar gwaggona ta kira ni tana tambaya sau nawa Baba zai mutu, ita dai ta san da hannunta ta daka gumbar sadakarsa tun tana budurwa. Na ce mata maganar doguwa ce, ta dai yi masa addu'a. Shi kuwa Yaya, idonsa bai koma daidai ba amma ya daina lalacewa, ya yi ƙiba, ya koma warin zufa irin na kowane ɗan dako. Matan layinmu suka ce Allah sarki, baƙin ciki ya sa ya saki kansa.

Sai matattu suka ƙare. Mu dangi ne masu tsawon rai, abin da ban taɓa ganin laifinsa ba sai a lokacin. Na ce a maimaita kaka, Yaya ya ce Hajiya ba ta manta agana ba. Na kawo tsohon mijina, tsohon direba ya tambaya ko ya rasu, na ce a wurina dai ya daɗe, ya ce shi ba ya kashe mai rai. Talata ta zo ta wuce ba a zauna ba, ta biyun ma haka. Yaya ya daina cin abinci, yana ta zagaya saman benen daga tankin ruwa zuwa bango. Wata rana da hantsi na ga ya saka takalmi ba tare da kekensa ba, sai na yafa mayafi na bi shi. Na same shi tsaye a gaban kantin kayan aski, hannuwa a aljihu, bai shiga ba kuma bai wuce ba. Da na kira shi sai ya ce reza yake dubawa. Muka dawo gida, sai da muka hau bene ya ce, "Ban saya ba. Amma gobe ban sani ba."

Ina da mamaci ɗaya da ban taɓa ambata wa kowa ba a Makka. Ɗana ne na fari, ya zo duniya ya yi 'yan kwanaki ya koma, bai kai suna ba. Ba a yi masa zaman makoki ba, ba a yi wa irinsu. Mata suka leƙo suka ce sai haƙuri, wani na tafe, kuma kunyar ɗan fari ta hana ni ko ɗaga murya. Yaya ne ya ɗauke shi a 'yar tabarma suka kai shi, da rana aka ɗora tukunya kamar kullum. Wanin da aka ce yana tafe bai zo ba har auren ya ƙare.

Na ce wa Yaya ya gaya wa mutanensa akwai makoki ran Talata. Ya tambaya na wa, na faɗa masa. Ya ce a'a, ban da wannan. Na ce mamacina ne, ni ke da iko da shi, kuma na gwammace in fito da shi da in ga ana jan ɗan'uwana da sanda.

Ban taɓa ganin jama'a a saman benen ba kamar ranar. An ce ɗan mai tuwo ya rasu a gida, kowa ya ɗauka wani saurayi na baro a can. Har wadda ta daina aiko kwano ta zo. Na zauna na lulluɓe kai da niyyar in yi abin da na saba, in amsa gaisuwa in miƙa gahawa. Sai mace ta farko ta durƙusa ta kama hannuna ta ce Allah ya ji ƙansa, Allah ya ba ki haƙuri. Ba wanda ya taɓa ce min haka a kansa. Kuka ya ƙwace min, irin wanda ba a iya tarewa, na yi shi a gaban kowa ban ji kunya ba, mata suna ta bubbuga bayana.

Kafin isha baƙi suka watse, na ji an tura ƙofar ɗakin Yaya. Hajiya ce kaɗai ta rage, ta miƙe ƙafafunta tana matsa gwiwa. Na san tambayar na tafe, sai dai wannan karon ba ciwon ta tambaya ba, cewa ta yi shekarunsa nawa. Na nemi hanyar kewayewa na rasa. Na ce bai kai suna ba.

Ta daina matsa gwiwar ta kalle ni. Shekaruna nawa a saman benenta ba miji ba ciki, ba sai an yi mata lissafi ba. A raina na ce shi ke nan, ko ta kore mu ko ta kira a kwashe mu duka, ga mutane cike da ɗaki ba mai takarda. Ta bangon bulo kuma muryar Yaya tana shigowa, yana gaya musu cewa shi ya ɗauki yaron, ba shi da nauyi ko kaɗan, kuma yau ma bai sha ba. Na ji muryoyi sun amsa masa a hankali. Na tabbata ita ma ta ji, don kunnenta ya fi gwiwarta lafiya.

Ta ce, "Ya binti, tun daga agana na gane. Ni tsohuwa ce, ba wawuya ba."

Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga min hannu. Ta ce Talata mai zuwa su sauko ƙasa, falonta ya fi faɗi, ita ma ta gaji da hawa benen nan. Ta ce tana da miji a maƙabarta, da iyaye, da 'yan'uwa, da 'ya'ya biyu, za su kai mu wani lokaci mai tsawo, kuma gidanta ne, idan ta ce za a yi wa mamatanta addu'a ba mai tambayar ta dalili. Na share fuska na tambaye ta da wa za a fara.

Ta dafa bango ta miƙe, ta gyara mayafinta ta ce, "Da autana. Shi lokacin da yake shan abin nan, babu inda zai je ran Talata."